Likitan da ke Jikin Kwalbar Baba

Alhamis, 3 ga Yuli, bayan azahar

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko Umma. Ni ce na karanta wa Dada takardar da ke jikin kwalbar Baba.

Tun kafin azumi ne. Ina zaune a tsakar gida ina liƙa takardu a jikin kwalabe da kunun sitaci. Aikina ke nan tun da na gama aji shida, don Baba ya ce hannuna ya fi na kowa miƙewa. Dada, mahaifiyar Baba, tana kan tabarmarta kusa da ni. Ta ɗauki kwalba ɗaya tana jujjuya ta, ta ce, "Ke 'yar boko, wane ne wannan mai farar rigar da igiya a wuya?"

Na ce likita ne.

Ta ce, "To karanta mini abin da ya ce."

Da Turanci aka rubuta. Ina karantawa ina mayar mata da Hausa, ina jin daɗi ma, don ba kasafai ake neman in yi magana a gidan nan ba. Basir, taifod, gyambon ciki, sanyi, hawan jini, ciwon ƙoda, rashin haihuwa, ciwon suga. Da na zo kan na ƙarshen, ciwon da take fama da shi, ta ce in maimaita. Na maimaita.

Ta ce, "Ashe. Shekara da shekaru ina daka maɗacin nan wa kakanku, mu dai basir da kumburin ciki muka sani. Ashe sai da likita ya auna ya gano sauran. Ga magani a ɗakina nake ta haɗiyar ƙwayoyin mutane."

Daga ranar ta daina shan na asibiti. Idan Umma ta ba ta sai ta riƙe a hannu, Umma na juya baya ta jefa a gwangwanin madara da ke ƙarƙashin filonta. Na gan ta. Ta ce, "Tsakanina da ke, Maijidda."

Shekaranjiya mutanen hukuma suka zo shagon Baba.

Juma'a, 4 ga Yuli, da hantsi

Ina wurin. Ni na kai wa Baba abinci kasuwar Head Bridge, nan Anaca, ranar. Motoci biyu ne, da 'yan sanda a baya. Tun daga bakin layin mutane suka fara jan ƙofofinsu, wasu suka haura katanga. Baba bai tashi ba. Ya ce shi ba ya sayar da ƙwaya, me zai sa ya gudu.

Wata mata ce a gaba, da tambarin hukumar magunguna a rigarta. Ba ta yi tsawa ba. Ta ɗaga kwalba ɗaya ta ce, "Oga, na you write this one?"

Baba ya ce, "Na printer, madam."

Ta tambaye shi ko maganinsa yana warkar da ƙoda. Baba ya yi 'yar dariya irin wadda yake yi wa mai ciniki idan ya taya da arha, sannan ya dube ni. Ban san me ya sa ya dube ni ba. Ta nuna masa lambar da ke ƙasan takardar ta ce ba su suka bayar da ita ba. Suka kwashe kwalaben, suka sa kwaɗonsu a kan namu, suka manna wata takarda a ƙofar.

Baba ya miƙo mini kwanon bai ko buɗe ba. Ya ce, "Ki ce wa Ummanki zan dawo da la'asar." Suka tafi da shi.

An ce wa Dada ya tafi Arewa sayen sassaƙe. Ta ce haka ubansa yake, ba ya sallama.

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan la'asar

Baffa Gimba, ƙanen Baba, ya zo daga Fatakwal. Ya gaishe da Dada a durƙushe, ta yi ta tambayarsa mutanen unguwarsu Borokiri ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu. Da ya fito ya tara mu a zaure, ni da Umma. Ya ce ya je ya ga wani, wanin ya ce a jira wani. Ban gane ba, kuma ban ga alamar Umma ta gane ba.

Ya ce, "Abu ɗaya. Kada wanda ya gaya wa tsohuwar nan inda yake, ko abin da ya kai shi. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ke ma kin ji ko?"

Na ɗaga kai.

Ya ce wa Umma, "Wannan ai ba a jin ta. Ko gobara aka yi sai dai ta nuna da yatsa."

Litinin, 7 ga Yuli, da safe

Ranar zaman gida ce, kamar kowace Litinin a ƙasar Ibo, babu okada ko ɗaya a titi. Na ga jini a silifas ɗin Dada. Ƙusa ce ta shige ta a ƙarƙashin babban yatsa, ta ce ita ba ta ji komai ba, ba ta ma san yaushe ba. Daga ganin wurin ba na yau ba ne. Ta sa na wanke mata da jiƙon Baba, ta sha sauran.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan azahar

Umma ta aike ni kasuwar Ochanja sayen manja. A bakin kwata na ga wata kwalba da aka yar, ruwan sama ya ɗan cinye takardarta. Na wuce ta, sai na dawo.

Likitan Baba ne. Farar rigar, igiyar wuyan, yadda ya harɗe hannu, duk shi ne. Amma sunan da ke sama na wani ne, sunan Ibo, kuma kwalbar koriya ce, tamu fara. Na karanta. Basir, taifod, gyambon ciki, sanyi. Har ƙasa, babu abin da aka canza. Lambar ma iri ɗaya.

Mai manjan ta ga ina kallo. Ta yi dariya ta ce mini da Ibo wai likitan nan ya fi kowa aiki a Anaca, kowa ya je wurin mai buga takarda shi ake ba shi, suna kawai ake canzawa.

Na ɗauraye kwalbar a famfo na sa a ƙasan jakata. Ban san me zan yi da ita ba.

Juma'a, 11 ga Yuli, da yamma

Ɗakin Dada ya fara wari. Umma ta sa turaren wuta.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan la'asar

Mun kai ta ƙaramin asibitin da ke bayan masallaci a keke. Nas ɗin ta kwance ƙyallen, ta mayar da shi da sauri. Ta soki yatsan hannun Dada ta duba 'yar na'urarta, ta sake sokar wani yatsan ta sake dubawa. Ta tambayi Umma ko Dada tana shan maganinta.

Umma ta ce, "Kullum. Da hannuna nake ba ta."

Dada ta dube ni. Nas ɗin ma ta dube ni, ina jin don ni ce na riƙe katin.

Na sunkuyar da kai ina kallon katin.

Sun ce a wuce da ita babban asibiti a Enugu, kada a kai Litinin.

Talata, 15 ga Yuli, da hantsi

Muna Enugu. A unguwar Gariki muka sauka, gidan Goggo Baiwa, yayar Baba. Ita ke kwana wurin Dada, ni nake kai abinci in zauna har yamma. Umma ta koma Anaca saboda ƙannena da kuma maganar Baba.

A mota Dada ta riƙe jakarta a cinya ba ta yarda an sa a but ba. Kwalba biyu ne a ciki. Ta ce mini a kunne, "Idan suka gama nasu sai mu yi namu."

Likitocin nan ba su yi kama da na kwalbar ba. Wata yarinya ce ma ta fi zuwa, siririya, idonta duk gajiya. Tana magana da Goggo a bakin ƙofa, Goggo tana ta gyara mayafinta duk da bai zame ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, da safe

An ce gobe za a yi aikin ƙafar.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan azahar

Sun shiga da ita tun hantsi. Goggo tana jan carbi. Ni ina kallon wata tsaga a jikin bango.

Asabar, 19 ga Yuli, da yamma

Na wanke silifas ɗin Dada duka biyu na shanya a kan katangar Goggo. Sai da suka bushe na tuna ƙafar dama ba ta nan.

Talata, 22 ga Yuli, bayan la'asar

Ta farfaɗo sosai, har tana tsokanar mutane. Matar gadon kusa da ita 'yar Ibo ce, ba sa jin yaren juna, amma kullum suna hira. Ni ce tafinta. Dada ta ce in gaya mata ɗanta babban mai magani ne a Anaca, har da hoton likita a kayansa. Na gaya mata rabin maganar.

Ba ta taɓa duban ƙasan bargon ba, ni ma haka. Wani lokaci takan ce in sosa mata yatsan, yana mata ƙaiƙayi. Sai in sosa katifar.

Da nas ta zo da allurar suga Dada ta janye hannunta ta ce ta gode, tana da nata. Nas ɗin ta kira likitar nan siririya. Likitar ta zauna a bakin gadon ta yi bayani a hankali, ina fassarawa. Ta ce idan sugan bai sauka ba ɗinkin ba zai kama ba, kuma ɗayar ƙafar ma ta fara sanyi, ta taɓa ta ji. Na faɗi wannan ma.

Dada ta ce, "Gaya mata wanda ya rubuta nawa ya girme ta. Furfura gare shi."

Goggo ta ce, "Dada, don Allah."

Ta ce, "Ke Baiwa, tun kina yarinya ba kya son abin Idrisu." Sunan Baba ke nan.

Laraba, 23 ga Yuli, da hantsi

Ta yarda an yi mata ta safe don Goggo ta yi kuka. Ta yamma ta ƙi. Goggo ta ɓoye kwalaben, Dada ta ƙi cin abinci har sai da aka mayar mata.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan azahar

Ta ce in karanta mata takardar. Ta ce idan ina karantawa kamar Idrisu ne a ɗakin.

Na ce na bar idona a gida. Ta yi dariya ta ce 'yar boko ta fara tsufa.

Asabar, 26 ga Yuli, da yamma

Na dawo Anaca ɗaukar wa Dada kaya. Gidan ya yi girma. Tabarmarta tana jingine a inda na bar ta.

Na ɗaga filonta zan cire rigar in wanke. Gwangwanin yana nan. Ya kusa cika. Na mayar da filon yadda yake.

Baffa Gimba ya fito da kwali biyu daga ƙarƙashin gadon Umma, kwalaben da ba a kai shago ba, da ɗaurin takardu. Ya ce a Borokiri babu wanda ya zo duba kowa tukuna, kuma gida ba zai zauna haka ba, yara suna cin abinci. Gaskiyarsa ce, jiya garin kwaki aka sha. Ya ce in dama sitaci.

Na dama. Na liƙa 'yan kaɗan. Ya ɗaga ɗaya ya duba ya ce, "Me ya sami hannun naki? Likitan nan kamar zai faɗi."

Na ce sitacin ne ya tsinke.

Ya ce, "Sitaci ko? To bar shi, na samu yaro a can." Bai yi faɗa ba. Ya tsaya yana kallon takardar, ya ce, "Kowa haka yake yi, Maijidda. Ba wanda ke karanta abin nan."

Umma tana wanke-wanke, ba ta ɗago ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, da hantsi

Baba ya bugo. Da wayar wani ne, ya ce ba zai daɗe ba. Umma ta yi magana da shi, ta ce kowa lafiya, Dada lafiya, ta je Enugu ne ganin Goggo. Sai ta miƙo mini ta ce ni yake nema.

Muryarsa ta yi ƙanƙanta. Ya ce, "Uwata, akwai kwalba kusa da ke?"

Na ce akwai.

Ya ce, "Karanta mini. Sun karanta mini a nan da Turancinsu, da sauri, ina so in ji da Hausa."

Baba yana karanta Alƙur'ani da ajami kamar ruwa, amma boko ko sunansa ba ya ganewa. Shekara uku ina liƙa takardar nan bai taɓa cewa in karanta ba. Ni ma ban taɓa cewa bari in karanta maka ba.

Na fara. Da na ce basir ya ce, "Wannan gaskiya ne." Taifod ya yi shiru. Gyambon ciki ya ce, "To." Daga hawan jini bai ƙara cewa komai ba. Na kai ƙarshe.

Ya ce, "Na san da yawa. Na ce masa ya yi mini mai kyau irin na maƙwabta, don idan takarda ba ta cika ba mutanen nan ba sa ɗauka. Amma ban ce a sa suga ba. Wallahi, uwata, ban ce ba."

Ina jin hayaniyar mutane a bayansa, wani yana cewa a ba shi wayarsa.

Ya ce, "Dada dai tana shan na asibitinta ko?"

Umma tana tsaye a gabana, tana girgiza mini kai, ita tana nufin kada in faɗi maganar ƙafar. Ba ta san ɗayar maganar ba.

Ya ce, "Maijidda?"

Sai aka karɓe wayar.

Lahadi, bayan la'asar

Ban sani ba ko ya sani. Ina ta tuna yadda ya dube ni a shago. Wani lokaci in ce bai sani ba, wani lokaci in ce bai so ya sani ba. Ni kuma na sani tun ranar Ochanja, kuma na san gwangwanin tun kafin azumi. Ba na son in ƙara rubuta wannan.

Litinin, 28 ga Yuli, da safe

Ba mota yau. Goggo ta bugo wa Umma. Ɗinkin yana ruwa. Dada ta ƙi allurar jiya duka biyun. Tana tambayar yaushe Idrisu zai dawo daga Arewa, kwalbarta ta kusa ƙarewa.

Litinin, bayan azahar

Na tambayi Baffa, ban san inda na samo bakin ba. Na ce idan aka gaya wa Dada cewa takardar ba gaskiya ba ce fa?

Ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, "Ki ce mata me? Ɗanta maƙaryaci ne, yana kulle, kuma abin da ya same ta daga hannunsa ne? Matar da ba ta da abin alfahari a duniya sai shi? Ni ma ɗanta ne, na san matsayina. Ki bar ta da abin da ya rage mata."

Na ce likita ta ce ɗayar ma.

Ya ce, "Likitoci haka suke faɗa." Ya tashi ya fita ba tare da ya shanye shayin ba. Na ji shi a zaure yana fyace hanci.

Litinin, da yamma

Ruwa ake yi tun la'asar. Na zauna a ɗakin Dada.

Dada ba ta karatu, kuma maganar baki ba za ta shige ta ba, Goggo ta gwada, likita ta gwada. Amma idonta garau yake. Ita ce ke tsince tsakuwa a shinkafa bayan Umma ta gama tsincewa. Idan ta ga fuska sau ɗaya ba ta mantawa.

Idan na jera mata tamu da koriyar kwalbar Ochanja, za ta tambaye ni inda na samo koriyar. Za ta tambaye ni ko Idrisu ya sani, daga nan kuma za ta tambayi inda yake. Ba zan iya faɗin ɗaya in bar ɗaya ba. Wataƙila ba za ta ƙara ce mini 'yar boko ba. Wataƙila Baffa ba zai ƙara kallona ba. Na kuma yi mata alkawari a kan gwangwanin, ita ce kaɗai a gidan nan ta taɓa ba ni ajiyar magana.

Abin da Baba ya ce a waya shi ma zan kai mata, yadda ya faɗa, har da wallahin. Da kuma abin da ya tambaya a ƙarshe. Wannan nasa ne, ba a takarda yake ba.

Talata, 29 ga Yuli, bayan asuba

Na naɗe kwalaben biyu a cikin zanin Dada, fara da koriya, na juya likitocin suna kallon waje ɗaya. Gwangwanin yana ƙasan jakar. Na sa silifas ɗinta na ƙafar hagu, wanda ya biyo ni daga Enugu cikin kayan wanki, a sama, don ina so ta sake sa shi.

Umma ta tambaye ni me ya yi nauyi haka. Na ce kayan Dada ne.

Motar farko zan bi.